Jinyar Duna da Buhu na Biyu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci mutum ya halicci kare, ya ba kowannensu ciki da hanta. Na san akwai wanda zai ji magidanci mai furfura a gemu ya zauna yana ba da labarin jinyar kare, ya ce lallai aiki ya ƙare wa Alu. A yi dariyar, ba komai. Ni ma da a ce bara wani ya gaya mini zan kwana a Sakkwato saboda kare, da na ce ya je a duba masa kai. Amma jinyar nan saura kaɗan ta ci ran mutum, shi ya sa na ga bai kamata in bar ta a cikina ba.

Ni manomin albasa ne, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Wurno zuwa Goronyo. Kowa ya san ni da zargi. Ko iri aka kawo mini sai na murza shi a tafin hannu na sansana, sannan in tambayi mai shi sunan kakansa. Matata Kulu takan ce ko ruwan randarmu sai na leƙa kafin in sha, kamar ta haɗa baki da kwaɗi.

Gidana da na Buba su ne na ƙarshe a garin ta gabas. Daga mu sai gonaki, daga gonaki sai daji. Buba Bafillace ne, amma a nan aka yanke masa cibiya, kakana ne ya ba ubansa filin da ya kafa gida. Tare muka yi wasan ƙasa. Shekarun baya ɓarayin daji suka kore masa shanu, suka bar masa 'yan ƙalilan, da su matarsa take samun nonon sayarwa.

A da ba mai ajiye kare a garinmu sai mafarauta. Da ɓarayin suka matsa wa ƙauyukan wajen Shinaka aka je aka tambayi liman, ya ce karen tsaro ya halatta. Na samo ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, muka sa masa Duna. Inna, mahaifiyata, ta kafa sharaɗi cewa ba zai tsallake zaure ba, don haka wurin kwanansa ya zama gindin rudu, rumfar da nake ajiye albasa, tsakanin dangata da ta Buba. Abincinsa ƙanzo da sauran tuwo, sai kuma tsalar nono da Buba yake zuba masa kowace safiya a wata tsohuwar ƙwarya. A kan wannan ya girma ya zama ƙato. Ya taɓa tashin gari da haushi, mutane suka fice da mata da yara, ɓarayin suka tarar ba kowa sai 'yan sa-kai a shirye, suka juya. Tun daga ranar Duna ya zama ɗan gari, har masu tsine wa kare suka koma tambayar lafiyarsa.

Sai dai akwai abin da kowa ya yarda da shi a yankinmu. Kafin ɓarayin su shigo gari, sai an fara kashe karnuka, kuma ba su ke kashewa ba, wani na cikin gari ne, wanda muke kira infoma. Wanda aka laƙaba wa wannan suna kuwa ba kasafai maganarsa take kaiwa gaban alƙali ba.

Da Babbar Sallah ƙanena Nasiru ya zo gida. Direba ne a Abuja, a gidan wani mai kuɗi da ke da karnukan Turawa. Cikin tsarabarsa har da buhu biyu masu ƙyalli, an zana wani kare a jiki ya buɗe baki kamar an ba shi labarin ban dariya.

Na ce, "Wannan kuma hwa?"

Ya ce, "Yaya, abincin kare na. Shi karnukan oga ka ci. Duna ya yi ma garin ga aiki, ya kamata shi ma shi ɗanɗana duniya."

Na zuba hannu na ɗebo. 'Yan dunƙule-dunƙule ne masu launin ƙasa, kamar kashin awaki, da wani ƙamshi tsakanin kifi da dusa. Na tambaye shi da me aka yi, ya ce nama da masara da sinadaran ƙarin lafiya. Na ce naman me, wa ya yanka, kuma wane irin nama ne wannan da ƙuda ba ya binsa? Ya yi dariya ya ce Yaya ba ka canzawa. Wani yaron shago ne, in ji shi, yake fitar masa da su ta baya a kan rangwame.

Ni da buhu muka tsufa, don haka idona ya sauka a kan bakin na biyun. Na farkon a liƙe yake yadda inji ya bar shi. Na biyun kuwa da basilla aka ɗinke shi, irin ɗinkin da nake yi wa buhun albasa. Na nuna wa Nasiru, ya ce yagewa ya yi a mota aka gyara. Ban yarda ba, amma tsaraba ce daga ƙanen da ya tuna da kai, kuma ranar Sallah. Na jingine su a lungun zaure.

Gaskiya buhun farko bai yi laifi ba. Duna ya ci kamar zai haɗiye kwanon, gashinsa ya yi sheƙi, wuyansa ya cika. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Har matar Kawu Sani, ƙanen Inna kuma shugaban 'yan sa-kai na garinmu, ta aiko a ce Kulu ta ɗiba mata, wai ko agwaginta za su yi irin wannan ƙiba. A ranar aka buɗe na biyun, daga ciki Kulu ta cika mata kwano.

Damina ta yi nisa lokacin da na fara zuba wa Duna daga buhu na biyu. Ya sansana, ya ɗaga kai ya dube ni, ya koma ya kwanta. Na ce ka ji ɗan banza, daga cin buhu ɗaya har ya koyi yanga irin ta mutanen Abuja. Na sa Kulu ta zuba masa romo a kai.

Ta ce, "Malam, dabba ta ƙi abu, kai ko ka matsa mata? Hancinai ya hi naka."

Na ce abin da aka ɗauko tun daga Abuja ba za a zubar ba. Da romo ya ci, ba da son ransa ba. Haka muka yi ta yi, yau ya ci rabi, gobe ya bari, ni kuma ina ƙara romo.

Satin farko na ciwon bai zo da hayaniya ba. Duna ya rage zagaye, ya daina bin ni fadama, sai kwanciya. Daga nan amai. Abin da kawai yake tashi ya tara da murna shi ne ƙwaryar Buba. Inna ta ce tsutsar ciki ce, a ba shi kanwa. Wani ya ce farkon haukan kare ne, a buge shi tun bai ciji yaro ba. Na ba da kanwar, ba ta yi komai ba.

A sati na biyu Kawu Sani ya zo da kansa, da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa. Ya tsuguna nesa kaɗan ya daɗe yana kallon Duna, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Ya ce, "Alu, wanga ba ciwo ba na. Ba shi anka yi."

Na ce, "Kawu, wa za ya ba shi?"

Ya ce, "Ni za ka tambaya? Ban da kai, wa ka zuba mai abinci?"

Bai kira suna ba, bai ma dubi dangar Buba ba. Amma ni na duba. Kuma ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na fara tuna abubuwan da ban taɓa ɗauka komai ba. Me ya sa ɓarayin suka bar wa Buba shanu 'yan kaɗan ba su kwashe duka ba? Wane ne baƙon da ya kwana gidansa kafin Sallah, wanda ya ce ɗan ƙanwar matarsa ne daga Rabah? Me yake yi a bakin daji da wayarsa a kunne? Na san a nan ne kawai ake samun sabis, ni ma can nake zuwa in kira Nasiru, amma zargi in ya kama mutum ba ya tuna irin wannan.

Washegari na tare shi yana ɗauke da ƙwaryar. Na ce, "Buba, ka dakata da ba shi tsalar ga tukuna, har mu ga yadda cikin za ya yi."

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Tsala ta ɗai ka zama cikinai, Alu. Kai ma ka gani."

Na ce, "Na sani. Ka dai dakata."

Ya juya ya tuttular da ita a gindin dangarsa, Duna yana kallo yana kaɗa wutsiya. Raina bai yi daɗi ba, amma na gaya wa kaina ai taka-tsantsan ba laifi ba ne.

Daga ranar ba abin da ke shiga cikin Duna sai abincin buhu da romo, sai magungunan 'yan uwa. An ce manja yana karya dafi, na ɗura masa. An ce gawayi, na daka na dama. Wata gwaggona ta aiko da sassaƙe mai ɗaci da ko ni na sha sai na yi kuka. Duk wanda na ɗura sai in je in wanke hannu har gwiwar hannu, Inna tana daga zaure tana cewa ban wanku ba. A cikin sati na uku na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya koma rawaya, fararen idanunsa ma haka, sak mai ciwon shawara. Kashinsa ya yi baƙi, da jini a ciki.

Ranar kasuwar Wurno na je na sami malamin dabbobi da ke duba shanu, na roƙe shi ya biyo ni. Mutumin kirki, ya zo a kan babur ɗinsa. Ya yi masa allura, ya ce shi dai aikinsa shanu da tumaki ne, amma wannan hanta ce ta taɓu, in ina son karen in kai shi Sakkwato. Aka tambaye shi ko guba tana taɓa hanta. Ya ce tana iya yi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa likita ya tabbatar guba ce.

A ranar 'yan sa-kai suka kai Buba ƙofar maigari. Na je na tarar da shi a tsugune a tsakiya, ba hula, samari sun zagaye shi. An karɓe wayarsa. Ya rantse, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, wani daga baya ya ce infoma ai ba ya jin tsoron rantsuwa. Maigari dattijo ne mai sanyin hali, ya yi ta ƙoƙarin kwantar da abin, daga ƙarshe ya ce Buba ya koma gida, kada ya bar gari, kada kuma kowa ya taɓa shi sai an ga abin da hali ya yi. Kawu Sani ya ce ya ji ya bi. Amma a kan hanyar komawa ya kama hannuna.

Ya ce, "Ran da karen ga yam mutu, ni ba ni iya riƙe yaran ga. Ka ji na gaya maka."

Na wuce gida kai tsaye. Zargin Buba daban, ganin gawar Buba daban. Na dubi Duna a gindin rudu, haƙarƙarinsa duk a waje, numfashi sama-sama, na gane cewa ran maƙwabcina yana rataye a jikin wannan numfashin. Matar Buba ta daina fita da nono, don ba mai saye. 'Ya'yansa suka daina zuwa makarantar allo. Ta cikin danga muna jin motsinsu, amma ko tari ba sa yi da ƙarfi.

Na buɗe rudu na fitar da albasar da nake ajiya sai ta yi tsada, na sayar a farashin da har yau in na tuna sai na yi tsaki. Samun mota kuma ya zama wani aiki. Direban farko ya ce ko gawa ya fi son ya ɗauka. Na biyu ya yarda, fasinjoji suka ce in karen ya shiga su za su fita, wata hajiya har da toshe hanci tun ba ta gan shi ba. A ƙarshe motar da ta ɗauki albasata ce ta ɗauke mu, ni da Duna a can sama kan buhuna. Na shimfiɗa masa wani buhun da ba komai a ciki, na abincin nasa na farko, Kulu kuma ta ƙulla mini guzurinsa a leda daga na biyun. Muka wuce Achida ana nuna mu da baki.

Asibitin dabbobin da aka kwatanta mini cike yake. Ga masu raguna, ga mai jaki da ƙafa a kumbure, ga wata mata da kaji a kwando, ga kuma yaran manya riƙe da karnuka masu gashi kamar tumaki, kowanne da katinsa da sunansa na Turanci. Aka tambaye ni katin Duna, na ce Duna ko takardar haihuwa ba shi da ita. Muka zauna tun hantsi har aka yi azahar. Masu zuwa a mota suna wucewa gabanmu, in na yi magana a ce sun yi waya tun jiya. Wannan ya ci mini rai, kuma har yanzu ina ganin ba daidai ba ne. Amma da layi ya zo kanmu, likitar da muka samu, wata mata 'yar siririya mai tabarau, ta tsuguna har ƙasa ta ɗaga kan Duna da hannunta, ba ta yatsina fuska ba. Allah ya saka mata da alheri.

Tun kafin ta tambaya na ce mata guba aka ba shi. Ta ce yaushe ya fara? Na gaya mata. Ta girgiza kai, ta ce gubar da mutane ke sa wa kare, ta ɓera ko ta feshin gona, ba ta jan lokaci haka. Wannan abu ne da ya daɗe yana cin hantar kaɗan-kaɗan.

Ta ce, "Baba, mi yake ci?"

Na gyara zama na ce abincin Turawa, na buhu, daga Abuja. Na kwance ledar na miƙa mata ina jiran yabo. Ta sansana, ta fasa ɗaya da farce, ta duba cikinsa. Sai ta ce in ɗaga karen ta ga buhun da yake kwance a kai. Ta juya shi ta sami wata 'yar farar takarda da aka manna a gefe, ta ɓamɓare ta. A ƙarƙashi akwai wani kwanan wata, na ainihi, wanda ya nuna abincin ya daɗe da wuce lokacinsa tun kafin Nasiru ya saya. Na ba ta labarin buhu na biyu, ta ce in na farkon da yake a liƙe haka yake, to na biyun da aka buɗe aka sake ɗinkewa Allah kaɗai ya san abin da aka tattara aka zuba a ciki.

Kalmar da ta faɗa ta zauna mini a ka, afalatoksin. Ta ce dafi ne da funfuna ke haifarwa a jikin masara da gyaɗa in sun sha danshi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma hantar kare ba ta jure masa. Ta ɗebi jininsa, ta karɓi ledar ta ce za ta aika a auna, amma ita dai ta ga irin wannan a wasu karnukan, ba ta shakka sosai. Aka aske masa hannu aka sa masa ƙarin ruwa, ni ina riƙe da kansa.

Muna zaune ruwan yana ɗiga na tambaye ta wa ya fara wannan abu na dafa wa kare abinci a zuba a buhu. Ta ce a yadda ta karanta, wani Bature ne can da daɗewa ya ga karnuka suna cin ragowar busasshen biskit ɗin matuƙan jirgin ruwa, ya ga ai wannan hanyar kasuwa ce. Daga baya masu injin niƙa da mayanka suka samu inda za su kai abin da mutane ba sa ci. Na ce ashe ƙanzo ne shi ma, sai dai an sa masa riga. Ta yi dariya ta ce kada in yi musu kuɗin goro, akwai masu yin na kirki, ana aunawa ana dubawa, matsalar ita ce na bayan shago da kuma ajiya a wuri mai laima. Na ce na ji. A raina kuwa na ce abin da ban ga lokacin da aka dafa shi ba, ba zai ƙara shiga gidana ba.

Na tambaye ta zai tashi? Ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Na ce, "Likita, ki yi ma Allah ki tashe shi, akwai ran mutum bisa kainai." Na ba ta labarin Buba. Ta cire tabarau, ta ce in kira mata Kawun a waya. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Da ta miƙo mini wayar abin da ya ce shi ne, "Ita likitar ta san Buba? Wa yas san ko shi yaz zuba wani abu cikin buhun?"

Kwanakin da muka yi a Sakkwato, da rana ina wurin Duna, in an tashi in tafi wurin wani ɗan garinmu a kasuwar albasa. Kullum da sassafe nake zuwa in leƙa kejin da aka sa shi. Ran nan na tarar ya ɗaga kai, ya lashi ruwa da kansa. Likita ta sallame mu da magunguna, ta ce a ba shi abu mai sauƙi, kunu, tuwo mai laushi, ɗan nono kaɗan. Da ta ce nono sai da na sunkuyar da kai.

Kulu ce ta kawo ƙarshen gardamar. Ina isa gida ta ja ni ɗaki ta ce ta je barka gidan Kawu, ta lura tsakar gidan shiru, ba agwagwa ko ɗaya. Matar Kawu ta ce ai duk sun mutu, 'ya'yan suka fara, iyayen suka bi, sun ɗauka annoba ce.

Da safe na ɗauki buhu na biyu a ka har ƙofar maigari, na zazzage shi a gaban jama'a. Na sama-sama ya zubo kamar lafiya. Na ƙasan kuwa ya dunƙule ya zama curi guda, kore da baƙi, wani wari ya tashi har na kusa suka ja da baya. Kawu ya fara maimaita maganarsa ta waya. Na durƙusa, don kawuna ne, na ce, "Kawu, a gahwarce ni. Ina agwagin gidanka? Buhun ga sunka ci, kuma ran da anka buɗe shi anka ɗiba musu. Buba ya taɓa shiga cikin gidanka?"

Kawu ya dubi curin nan ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Allah shi kyauta." Maigari ya sa aka mayar wa Buba wayarsa, ya ce magana ta mutu. Muka haƙa rami mai zurfi muka binne abincin don kada kaji su tona. Ba wanda ya ce wa Buba yi haƙuri a wurin, kowa ya kama gabansa kamar an tashi daga kallon dambe. Ni na bi shi har ƙofar gida na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya shige.

Sauran jinyar a gida muka yi ta, kuma ta ja lokaci. Sati guda Duna yana tashi yana faɗuwa. Maganin sai na ɓoye shi cikin tuwo, shi kuma ya koyi cinye tuwon ya tofar da ƙwayar, wato ya ɗauko halin maigidansa. Inna da ta ce ba zai tsallake zaure ba, ita ce take dama masa kunu, tana yi tana faɗa wai ta tsufa ta koma kuku a gidan kare. Na kira Nasiru na wanke shi tas, ya yi ta rantsuwa bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Wata safiya na fito na tarar da tsohuwar ƙwaryar nan a gindin rudu cike da tsala, ba kowa a wurin. Haka aka ci gaba da ajiyewa kullum. Rawayar idon ta washe a hankali, har ranar da jakin wani ya ratsa ta bayan gida muka ji haushin Duna, siriri kamar na kwikwiyo. Kulu ta yi guɗa.

Na ɗauka shi ke nan. Amma da aka yanke gero, na dawo daga fadama wata rana na ga amalanke a ƙofar gidan Buba, an ɗora gado da tukwane. Ya sayar da gonarsa ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya koma wajen dangin matarsa a ƙasar Rabah. Ya yi mini sallama kamar mai zuwa kasuwa ya dawo.

Bayan wata biyu na yi takanas na same shi a can. Ya karɓe ni da fara'a, aka kawo fura. Kafin ya tambayi Inna ko Kulu, cewa ya yi, "Ya jikin Duna? Idon ya washe?" Na ce ya washe, har ya fara bin ni fadama. Na ce masa maigari ya aiko ni, Kawu ma ya ce a gaishe shi, gidansa yana nan ba wanda ya taɓa, ya dawo. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

Ya ce, "Alu, ni ban riƙe ka ba. Amma gaya mani, da karen ga ya mutu hwa?"

Har na hau mota ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban samu ba.

To jama'a, ga abin da na gani. Wanda zai sayi abincin buhu, na kare ne ko na kaji, ya dubi bakin buhun, ya ɓamɓare duk takardar da aka manna, kada ya jingine shi a ƙasa da damina. In dabba ta sansana abu ta ƙi, kada a zuba mata romo. Likita ta ce dafin nan yana cikin masara da gyaɗar da mu ma muke ci in sun yi funfuna, don haka mata a riƙa tsincewa. In kuma kare ya kwanta, a fara bincika kwanonsa kafin a leƙa gidan maƙwabci. Ina godiya ga likitar nan, da malamin dabbobi, da direban albasa, da Kulu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta daji.

Duna yana nan, ya koma ƙanzo da sauran tuwo. Yanzu gidana ne na ƙarshe a garin ta gabas. Kowace safiya, daidai lokacin da ake tatsar shanu, sai ya tashi daga gindin rudu ya je ya zauna a ƙofar gidan Buba yana kallon ciki. Na gwada sayo tsala in zuba masa a tsohuwar ƙwaryar. Yakan sha, sannan ya koma ƙofar ya ci gaba da jira.